Babbar a-kori-kura ko babbar jif: wacce zaka saya in ja kake so?

Ka ajiye Chevrolet Suburban a gefen Ford F-350 ka tambayi wanda bai san mota ba wacce tafi ƙarfi, zai iya ce maka duk ɗaya ne, ai dukkansu gidaje ne masu taya. Amma a takardar kamfani Suburban iyakarta ta ja kilo 3,700 da ɗoriya, ita kuwa F-350 mai taya biyu-biyu a baya an rubuta mata sama da kilo 17,000, wato ninki huɗu har da canji, kuma abin da zai ƙara ɗaure maka kai shine a Amurka inda ake ƙera su sau da yawa jif ɗin ce ma tafi tsada. Toh me ya kawo wannan tazara, kuma in kana da kuɗin guda ɗaya kawai wacce ya kamata ka ɗauka? Ko kana can kana son jan tirelar dawaki ko ta kwana, ko kana nan gida kana tunanin shigo da tokunbo don jan janareta ko kwamfiresan haƙa rijiyar burtsatse, lissafin duk ɗaya ne.

Abubuwan da zan auna su da su guda shida ne: nauyin da mota ke iya ja, nauyin da take iya ɗauka a jikinta (wannan shine wanda mutane ke mantawa kuma shine uwa uba), kuɗin saye da na mai, ƙarko da gyara, sauƙin zama da ita yau da gobe, sai haɗari. Alƙaluman da zan kawo na motocin 2023 zuwa 2025 ne, kamfanonin da fam suke rubutawa ni na mayar kilo na ɗan zagaye su, kuma kowanne shine mafi girman abin da samfurin ke kaiwa ba wai duk wadda ka gani a titi ba.

Mu fara da asali. Manyan jif ɗin Amurka duka a kan ƙashin ƙaramar a-kori-kura aka gina su, Expedition 'yar uwar F-150 ce, Suburban da Tahoe daga Silverado 1500 suka fito, Sequoia daga Tundra, Wagoneer daga Ram 1500. Su kuwa F-250, F-350, Ram 2500 da 3500, Silverado 2500HD da 3500HD wani gida ne daban, shasinsu daban, akasul daban, birki daban, taya daban, har a wurin hukuma ajinsu daban. Kenan in ka haɗa Suburban da F-350 ba sa'o'i ka haɗa ba, ka haɗa ɗan yaye ne da bijimi, kawai dai ɗan yayen an saka masa babbar riga.

Yawancin mutane da an ce ja sai su ce inji. Eh inji na da nasa rabon. Injin dizal 6.7 na Ford mai suna Power Stroke a mafi ƙarfin sigarsa yana bada ƙarfin doki 500, Expedition kuma a mafi ƙarfin sigarta tana da 440, kaga ta nan tazarar ba wani abin a zo a gani bane. Inda bambancin yake shine ƙarfin murɗa, wanda shine ke tayar da kaya daga tsaye ya kuma hau da su tudu: a ma'aunin murɗa da ake kira Nm, na Power Stroke ya haura 1,600, na Cummins da ke cikin Ram 3500 kusan 1,450, na Duramax a Silverado HD kusan 1,320, na Expedition kuwa wajen 690, Sequoia da ke da batir yana taimaka mata ta kai 790. Amma ko yau ka cire injin F-350 ka cusa a Suburban wallahi ba zata ja tan 17 ba, zata dai tayar da kayan, amma tsayarwa da riƙewa a kwana nan ne zance zai ƙare.

Ainihin maganar tana wurin da tirela ke danna mota. Duk tirela bayan ja da ake mata tana kuma ɗora wani ɓangare na nauyinta a kan motar, in ta ƙugiyar baya ce ta wajen bamba to ana son wannan danni ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar, in ya gaza haka tirela zata fara kaɗa wutsiya a gudu. Jif ba ta da wata hanya sai wannan ƙugiyar, kuma ƙugiyar tana bayan tayoyin baya da tazara, don haka duk abin da ya danna ta sai ya zama kamar an danna ƙarshen sanda, baya ya zauna gaba ya ɗaga, tayoyin gaba da sune sitiyari kuma sune rabin birki su rage kama ƙasa. A-kori-kura tana da buɗaɗɗen baya, sai a dasa ƙwallon ƙarfe a tsakiyar bodin daidai saman akasul na baya, tirelar ta miƙo dogon wuya ta sauka a kai, shine suke kira gusnek wato wuyan dinya, ko kuma a saka faranti irin wanda kan tirela ke da shi. A nan danni na iya kai kashi 15 zuwa 25 cikin 100 kuma mota bata ɗaga hanci, saboda nauyin a kan tayoyi ya sauka kai tsaye. Duk wanda ya taɓa ɗebo ruwa ya san wannan, jarkar da zaka kai gida a ka da gammo ba zaka iya riƙe ta da miƙaƙƙen hannu ko minti ɗaya ba, alhali jarka ɗaya ce kuma kai ɗin ne dai. Manyan alƙaluman nan na tan 16 da 17 duk na gusnek ne, ita kanta F-250 in ta ƙugiyar baya ce wajen tan 10 take tsayawa.

Sai akasul ɗin kansa. A manyan a-kori-kura bututun akasul ne ke ɗauke da nauyin mota ta hanyar boris biyu a kowane ɓangare, sandar da ke ciki aikinta kawai juya taya, ko ta karye taya bata fita. A ƙananan motoci sandar ce ke juyawa kuma ita ke ɗaukar nauyi. Expedition ma tun 2003 ta bar akasul ɗaya miƙaƙƙe ta koma kowace taya da gashin kanta don a samu laushi da wurin ƙafa a layi na uku, Suburban da Tahoe suka bi sahu a 2021, wannan daɗi ne ga fasinja amma ba don ɗaukar tan biyu aka yi shi ba. Ƙara da sifirin ganye mai kauri, da tayoyin da ake hura musu iska har 80 a gejin iskar taya (PSI) maimakon 35 na jif, da lagireto da na'urar sanyaya man giya masu girma, da tsawon da ke tsakanin tayar gaba da ta baya: F-350 mai ƙofa huɗu da dogon bodi mita 4.4 da wani abu, Suburban 3.4, Expedition 3.1. Mota in ta fi tsawo tirela tafi shan wahalar juya ta. Sannan masu dizal ɗin suna da birkin hayaƙi, wanda ke sa inji ya riƙe mota a gangara ba sai ka dinga taka birki har ya yi zafi ya daina kamawa ba.

Kuma alƙaluman ba da ka ake faɗarsu ba, akwai ma'aunin da ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta fitar mai lamba J2807, cikin gwajin har da hawan tudun Davis Dam a jihar Arizona, sama da kilomita 18 na hawa cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba da esi a kunne har ƙarshe. Amma ka lura da wani abu, a wannan lissafin mutum biyu kacal ake ɗauka suna cikin motar, kowanne kilo 68. Riƙe wannan zamu dawo kansa.

| Mota | Iri | Mafi yawan ja (kilo) | Ta ina |
|---|---|---|---|
| Chevrolet Suburban | jif | kusan 3,750 | ƙugiyar baya |
| Nissan Armada | jif | kusan 3,850 | ƙugiyar baya |
| Toyota Sequoia | jif | kusan 4,300 | ƙugiyar baya |
| Ford Expedition 2025 | jif | kusan 4,350 | ƙugiyar baya |
| Jeep Wagoneer | jif | kusan 4,500 | ƙugiyar baya |
| Ford F-250 dizal | a-kori-kura | kusan 10,400 | gusnek |
| Silverado 3500HD | a-kori-kura | kusan 16,300 | gusnek |
| Ram 3500 | a-kori-kura | kusan 16,800 | gusnek |
| Ford F-350 | a-kori-kura | kusan 17,200 | gusnek |

Don kwatance, Land Cruiser 300 da Hilux mai dizal 2.8 da muka fi sani an rubuta musu kilo 3,500 in tirelar na da birkinta.

Yanzu mu ɗauki jif mu bi da ita ɗaya bayan ɗaya.

Ja: tan 3.7 zuwa 4.5, kuma gaskiya wannan ba ƙaramin abu bane, ya isa ƙaramar mota a kan tirela, ya isa doki biyu, ya isa matsakaicin janareta. Amma sai an saka mata kayan ja na kamfani kafin ta kai wannan adadi, kuma yawanci sai da irin ƙugiyar nan mai sanduna biyu da ke mayar da wani nauyin zuwa tayoyin gaba.

Ɗauka: nan ne ake kayar da masu jif. Duk abin da babbar jif zata ɗauka a jikinta, mutane da kaya da dannin tirela gaba ɗaya, yawanci tsakanin kilo 650 ne zuwa 800, kuma duk yadda aka ƙara mata ƙawa irin su rufin gilashi da kujeru masu lantarki haka adadin ke raguwa. Mu ce taka 750 ce. Ka ɗaura tirela mai tan 4, danninta kashi 12 cikin 100 ya zama kilo 480, saura 270. Kai da uwargida da yara biyu kun cinye shi, ba a saka akwati ba ba a saka kular abinci ba, su Hajiya da sauran yaran da saboda su ka sayi mota mai kujera takwas kuma sai dai su biyo ku a wata motar. Wato jif tana iya cika da mutane ko ta ja iyakar ƙarfinta, amma ba duka biyun lokaci guda ba, kuma dila bazai faɗa maka wannan ba. Adadin gaskiya na motarka yana jikin wata 'yar takarda da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba, ita zaka duba ba talla ba.

Kuɗi: sabuwar Expedition ko Suburban a Amurka daga wajen dala dubu 60 take farawa, masu ƙawa su haura dubu 80. Mai kuwa Expedition na yin kamar kilomita 8 a lita ɗaya in ba ta jan komai, da ka ɗaura kaya mai nauyi ka raba shi kusan biyu. Suburban na da zaɓin ƙaramin dizal 3.0 da yafi tsimi.

Ƙarko da gyara: in fetur ce kuma ba a matsa mata, tana daɗewa, kuma bakanike na gari zai iya da ita. In kullum tana kan iyakarta giya ce da birki da shokazoban baya zasu fara kuka. Sauƙi: babu gasa, tafi laushi, tafi shiru, kaya na cikin rufi a kulle babu ruwan sama babu ƙura babu ɓarawo. Haɗari: kaɗa wutsiya, musamman in tirelar doguwa ce mai faɗin gefe kuma babbar mota ta wuce ka da iska.

Sai babbar a-kori-kura.

Ja kun gani a sama. Ɗauka: F-250 tana haura kilo 1,900 a wasu sigogin, F-350 mai taya biyu-biyu har 3,600. Wani abu da ya kamata ka sani, injin dizal ya fi na fetur nauyi da ɗaruruwan kilo kuma wannan nauyin daga cikin rabon kayanka ake cire shi, shi ya sa zaka ga F-250 ko Ram 2500 mai dizal cike da ƙawa tana da ƙarfin ja kamar me amma abin da zata ɗauka bai taka kara ya karya ba, a ganina in dai dizal zaka saya don gusnek to ka haura 350 ko 3500 kawai, bambancin kuɗin kaɗan ne.

Kuɗi: F-250 ta aiki marar ado daga wajen dala dubu 45 take farawa, kaga tafi Suburban araha, amma dizal kaɗai zai ƙara maka kamar dubu 10, in ka bi ta masu kujerar fata kuma sai ka tsinci kanka kusa da dubu 90 ko fiye. Hukumar kare muhalli ta Amurka bata ma buga adadin shan man wannan aji kamar yadda take yiwa ƙananan motoci, amma abin da aka sani shine ta fetur ɗin rijiya ce, ta dizal kuma in ana jan kaya tafi jif tsimi nesa ba kusa ba. Juyen baƙin mai kaɗai a dizal ɗin Ford da Ram ya haura lita 11, Expedition kusan rabin haka, tayoyi shida maimakon huɗu in mai biyu-biyu ce.

Ƙarko: an gina ta ne don wahala, kayan da ke galabaitar da jif ita ko a jikinta. Amma dizal ɗin zamani yana da nasa laulayin, akwai matatar hayaƙi da ke toshewa in kullum gajeriyar tafiya kake cikin gari, akwai ruwan tsaftace hayaƙi mai suna AdBlue da in ya ƙare kwamfutar motar zata rage maka gudu da gangan, sannan famfon mai mai matsi sosai baya yafe ruwa ko datti, Ram ma sai da ta kira motocinta na 2019 da 2020 ta canza musu famfo. Waɗannan injinan don dizal mai ƙarancin sulfa aka yi su irin wanda Amurka ta koma kansa tun 2006. Toh ka yi tunanin wanda zai shigo da ita ya dinga shan gas a wurin 'yan bumburutu a hanyar ƙauye, ranar da famfo ya watse ya tura ɓarɓashin ƙarfe cikin injekta kuɗin gyaran kaɗai ya sayi ƙaramar mota, kuma kayan gyaran sai an yi oda an jira. Ni in nan gida za a kawo ta kuma aikin bai wuce tan 6 ko 7 ba, ta fetur nake ba mutum shawara, irin 6.2 ko 7.3 na Ford ko 6.6 na Chevrolet, zata sha mai kam amma zaka yi barci.

Sauƙi: a nan ta faɗi warwas. F-350 mai ƙofa huɗu da dogon bodi ta kai mita 6.7, mai taya biyu-biyu faɗinta ya haura mita 2.4 ba a haɗa da madubi ba, juya ta a lungu aiki ne, wurin fakin ma sai ka nema, in babu kaya a baya kuma tana tsalle da kai kamar ka hau jaki saboda sifirin ɗin nauyi yake jira (Ram 2500 ta ɗan fi laushi tunda tun 2014 sifirin murɗaɗɗe take amfani da shi a baya). Mutum biyar ko shida ne iyakarta.

Haɗari: ta fuskar riƙe tirela tafi aminci sosai, amma tana sa mutum ya raina kaya, tan 12 a bayanka tan 12 ne ko da baka jin sa a totur, kuma birkin tirelar ne zai tsayar da tirelar ba na motar ba. A Amurka in don kasuwanci kake ja kuma jimillar nauyin da aka rubutawa mota da tirela ya kai fam 26,001 (kusan kilo 11,800) tirelar kuma ta haura fam 10,000 (kusan kilo 4,500), sai da lasisin manyan motoci. A nan gida kuma matsalar daban ce, tirelar gusnek mai birkin lantarki ba abu bane da zaka shiga kasuwa ka samu, yawancin abin da ake ja haɗin mai walda ne babu birki ko ɗaya, kaga ka sayi mota mai jan tan 17 ka ɗaura mata wannan baka ci ribar komai ba sai ƙarin gudu zuwa ga haɗari.

Wani zai ce me ya hana a yi jif a kan ƙashin babbar a-kori-kura a huta? An yi. Ford Excursion daga 2000 zuwa 2005 a kan F-250 aka gina ta har da injin dizal, amma iyakarta kusan tan 5, saboda jikinta mai nauyi ya cinye rabon kaya kuma har yanzu ta ƙugiyar baya take ja, babu inda za a dasa gusnek tunda kujeru ne a wurin. Chevrolet ma ta yi Suburban 2500 ta daina sayarwa jama'a bayan 2013. Har yau masu son su na bin tsofaffin da tsada, amma ko su basu kamo ƙafar a-kori-kurar da aka cire su daga jikinta ba.

Toh wa zai sayi me?

In iyali ne gaba kuma ja sau ƙalilan ne a shekara, tirela da kayanta basu wuce tan 2.5 zuwa 3 ba, jif zaka saya, kar ka wahalar da kanka da matarka kwana 350 saboda kwana 15. Cikin jif ɗin in tirelar doguwa ce ka zaɓi mai tsawo irin Suburban ko Expedition Max ko da adadin janta ya ɗan gaza na gajerun.

In kayan na tsakanin tan 3 da 4.5 kuma kana son cika mota da mutane, a takarda jif zata iya amma a sikeli ba zata iya ba, ko dai ka rage mutane ko ka koma F-250 ko 2500 ta fetur mai ƙofa huɗu.

In kayan sun haura tan 4.5, ko kullum kake ja, ko hanyarka duwatsu ce da gangara, jif ta fita daga lissafi. Daga tan 5 zuwa 7 ta fetur ta wadatar, sama da haka dizal da gusnek, in danni ya kusa tan 2 kuma sai 350 ko 3500 mai taya biyu-biyu.

In kuma a Najeriya ko Nijar zaka yi aikin kuma kayan basu kai tan 3.5 ba, Hilux ko Land Cruiser da kowane gareji ya san cikinta tafi maka duka waɗannan, in sun haura haka sosai kuma ka fara kwatanta kuɗin F-350 da kwastan ɗinta da na Canter ko wata ƙaramar babbar mota da zaka loda kayan a bayanta kai tsaye, kafin ka turawa dila ko sisi.